Mai ciyarwa ya rasu: kuɗin wata-wata da ake ba yayata sun mutu tare da shi?

Maman_Hafsat: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah wanda ya sani ya ba ni amsa, maganar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi shekara 23 a ɗakin mijinta, ɗan kasuwa ne mai sayen aya da wake yana kaiwa Najeriya. Shekara 4 da suka wuce ya sake ta, idda ta ƙare bai maida ta ba. Da aka je jastis, wato kotu, aka yi sulhu a kan zai riƙa ba ta jikka 40, wato sefa dubu 40, duk ƙarshen wata, ta kuma zauna da ƙananan yara 3 a wani gidanshi na unguwar Bagalam, nan Maraɗi. Gaskiya bai taɓa fashi ba, ko yana Jibiya ko yana Kano sai ya turo. Da ciwo ya kwantar da shi ne abin ya tsaya, wata 5 na ƙarshe ba ta ga ko dala ba. Allah ya yi mishi rasuwa, makon jiya aka yi sadakar arba'in. Yanzu ƙanenshi da aka naɗa wakilin gado ya aiko mata cewa mai bayarwa ya tafi, magana ta ƙare, ta fara neman wurin komawa don gidan zai shiga rabo. Iyayenmu sun rasu, ba ta da sana'a sai ƴar tuyar ƙosai. Tambayata: kuɗin nan sun yanke ke nan, ko za a ci gaba da fitar mata daga dukiyar da ya bari?

Ɗan_Mokoyo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi, ya raya abin da ya bari. A nawa ɗan sanin, ciyarwa tana kan rayayye ne. Wanda ya kwanta dama ba ya da dukiya kuma, ta koma ta magada tun ranar da ya cika.

Hajiya_Uwargida: Ku ji fa. Shekara 23, ta haifa mishi ƴaƴa, ta sha wahalar gidan tun yana tallan goro a tasha wataƙila, yau a ce ta kwashe tabarmarta. Ko ba shari'a ai akwai kunya. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba an fara aike.

Malam_Limanci: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta mishi, ya ba ku haƙuri. Ƴar'uwa, tambayar taki guda ce a baki amma a fiƙihu ta kasu gida uku, kada a haɗa su a ba ki amsa ɗaya.

Abin da zai zo nan gaba, wato jikka 40 na watanni masu zuwa, wannan ya tsaya da mutuwarsa. Ɗan_Mokoyo ya faɗi daidai a nan. Hasali ma matar da aka saka, idda ta ƙare, ba ta da ciki, ba ta da ciyarwa ta wajibi a kan tsohon mijinta tun yana da rai. In ya ɗora wa kansa ba ta wani abu, alheri ne ya yi alkawarinsa, kuma a mazhabar Malikiyya ana tilasta wa mutum cika irin wannan alkawari muddin yana raye bai karye ba. Mutuwa tana yanke shi.

Amma wata 5 da suka wuce ba a biya ba, wannan wata magana ce daban. Ciyarwar ƴaƴa in alƙali ya yanka ta da hukunci, kuma uban yana da hali a lokacin, ta zama bashi a kansa. Ciwo ba talauci ba ne. Mutum yana iya kwance asibiti alhali sito cike da buhuna. Ita kuwa dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage. Wanda ya raba gado ya tsallake bashi ya ɗora wa mamacin nauyi, ya kuma ciyar da magada abin da ba nasu ba.

Na uku, yaran. Su magada ne, suna da rabo a gidan Bagalam da duk sauran abin da ya bari, daidai da ƴaƴan matan da ke ɗaki. Daga rabonsu za a ci gaba da ciyar da su.

Sani_Kabukabu: Allah ya gafarta Malam, to ita uwar fa? Ba ta da ko tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas da matar mamaci ke gada?

Malam_Limanci: Ba ta da shi, Malam Sani. Tumuni na matar da ya mutu tana ƙarƙashin igiyarsa ne, ko wadda ya yi wa saki na kome kuma ya rasu ba ta gama idda ba. Sai dai in yana cikin ciwon ajali ya sake ta, to a Malikiyya wannan tana gadonsa ko da idda ta ƙare, don kada saki ya zama hanyar hana gado. Maman_Hafsat, lafiyarsa ƙalau lokacin sakin?

Maman_Hafsat: Lafiya lau yake Malam. Bayan sakin ma ya je Umra, ya kuma ƙara aure. Ciwon bara ya same shi.

Uwar_Marayu: Ni abin da nake so mata su gane, ko kina ɗakin naki ba wani abu mai yawa ba ne. Mijina ya rasu ya bar mu mu 2 da ƴaƴa 9. Na ɗauka a cikin takaba za a riƙa auno mana hatsi daga dukiyarshi kamar yadda ya saba. Malamin da ya zo rabo ya ce mai takaba ba ta da ciyarwa, wurin zama kawai take da shi har ta gama wata 4 da kwana 10, shi ma don gidan na mamacin ne. Duk abin da muka ci a kwanakin nan an rubuta, aka cire daga rabonmu da na yaranmu. Da aka yi wa dukiya kuɗi ta kama miliyan 8 na sefa, tumuni miliyan 1, muka raba ni da abokiyar zamana, jikka 500 kowa. Da su na sayi keken ɗinki da firiza. Shekara 19 na aure ke nan. Ban ce Allah ya zalunce ni ba, astagfirullah, amma da na sani tun yana da rai da na roƙe shi ya yanka mini ko rabin fili da sunana.

Malam_Limanci: Abin da aka gaya miki haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu: mai iddar mutuwa ba ta da ciyarwa, tana da mazauni in gidan na mamacin ne ko ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Allah ya albarkaci marayunki.

Ɗalibar_Jami'a: Malam ina da tambaya, ba jayayya ba. Ayar Baƙara ta 240 fa, wadda ta ce a ji daɗa wa matan mamaci har shekara ba tare da an fitar da su ba? Kuma aya ta 233, bayan an ambaci ciyarwa da tufatarwa, an ce a kan magaji ma akwai irin wannan. Ba su nuna nauyin yana wucewa zuwa ga magada ba?

Malam_Limanci: Tambaya ce mai kyau. Ta 240 mafi yawan malamai sun tafi a kan aya ta 234 da ayar gado ta Nisa'i sun shafe hukuncinta. Ta 233 kuwa akwai saɓani na gaske. Hanabila da Hanafiyya sun kafa hujja da ita wajen wajabta wa dangi ciyar da yaro maraya marar dukiya. Malikiyya sun taƙaita wajibin ga mata, da ƴaƴan cikin mutum, da iyayensa matalauta. Kaka da baffa ba a tilasta musu. Amma rashin tilas daga alƙali bai ɗauke haƙƙin zumunci ba, kuma wannan ana tambayar mutum a kansa gobe.

Bagobiri_Tibiri: Wagga magana ta taɓa ni. Haka anka yi ma innata. Baba ya sake ta muna ƙanana, shina aiko da hatsi duk kaka, dame goma ba fashi. Da ya rasu ƙannenshi sunka ce su za su riƙe muna gonaki har mu girma. Munka girma munka iske an saida biyu, ta ukku wani ɗan baffanmu ya gina ciki. Inna da saida hura ta raine mu. Maman_Hafsat, ku bar batun jikka 40, ku sa ido ga rabon ɗiyan ga. Nan ne ake cin mutane. A auna, a rubuta, a san hannun wa za shi zauna.

Baffan_Yara: Ina karanta ku tun ɗazu, kowa ya ɗora wa ƙanen mamaci laifi ba a ji ta bakinshi ba. Ni an taɓa naɗa ni wakilin gadon wana. Ranar sadakar uku masu bin bashi suka fara zuwa, wani da takarda, wani da rantsuwa kawai. Ɗan kasuwa za ka gan shi da mota da sito, rabin kayan na mutane ne. Sai da muka saida gida guda kafin muka rufe bashin. Matan suna ganin na cinye, har yau ɗaya ba ta gaishe ni. Kuma ƴaƴanshi 4 suna gabana, lakkol da magani duk a wuyana. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Wataƙila shi ma wannan bawan Allah matan da ke takaba da manyan ƴaƴa ne suka matsa mishi a raba.

Hajiya_Uwargida: Baffan_Yara, Allah ya saka maka, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. In bashi ne ya dame shi, ai ita ma mai bin bashi ce, Malam ya faɗa. Me ya hana ya ce ta kawo takardarta a lissafa? Sai ya ce magana ta ƙare?

Tsohon_Girefiye: Na yi aiki a jastis har na yi ritaya, bari in ƙara abin da ya shafi hanya. A Nijar ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya. Maganar aure, saki da gado ana yanke ta bisa al'adar masu shari'ar, alƙali yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, kuma ga yawancin mutanen Maraɗi al'adar nan ita ce fiƙihun Malikiyya. Don haka abin da Malam_Limanci ya faɗa ba zai yi nisa da abin da za ku ji a can ba.

Abin da zan ce ku yi tun yau: ku nemo takardar sulhun nan ku ba wanda ya iya Faransanci ya karanta muku kalma bayan kalma. Sau da yawa mace tana cewa "kuɗina", alhali abin da aka rubuta kuɗin ciyar da yara ne. Ku tara rasit na duk kuɗin da ya taɓa turowa, su ne za su nuna watan da aka tsaya. Ku haɗa takardun haihuwar yaran. Sannan ku bincika takardar taron dangi, wadda a cikinta aka naɗa wakilin, ku ga ko an sa sunayen yaran 3 da manyan ƴaƴanta, in akwai, cikin magada, da wanda aka ce shi ne mai kula da dukiyarsu. Wakilin gado ɗan aike ne na magada, ba mai dukiya ba ne, kuma ba shi ke yanke wane bashi za a biya wane za a bari ba. In ba ku yarda ba ku kai kuka gaban alƙali kafin a raba. Bayan an raba kowa ya kama nashi, karɓowa sai an sha wuya.

Sani_Kabukabu: Baba girefiye, ba gara su fara zuwa fada ko wajen mai unguwa ba? Jastis sai ka shekara kana safa da marwa, ga zumunci ya lalace. Yaran nan gobe baffan nasu ne zai ɗaura musu aure.

Tsohon_Girefiye: Ban hana ba, ɗana. Sulhu a fada ko gaban liman alheri ne. Amma duk abin da aka daidaita a rubuta shi, shaidu su sa hannu.

Zara_Liyon: Ina bin ku daga Faransa. Nan akwai kuɗin da alƙali ke yanka wa ɗaya daga cikin ma'aurata bayan rabuwa, don cike giɓin da sakin ya jawo wa rayuwarsa, musamman matar da ta bar aiki ta yi renon yara. In mai biya ya mutu ba su faɗuwa. Tun dokar 2004 ana cire su daga dukiyar da ya bari, iyakar abin da dukiyar ta kai, ba a bin magada cikin aljihunsu sai in su suka zaɓi ci gaba da biya. Wata maƙwabciyata ta karɓi nata a dunƙule bayan rasuwar tsohon mijinta. Ba cewa nake mu kwaso dokar Nasara ba, amma su sun kalli shekarun da mace ta ƙarar a gidan miji a matsayin abin da ake biya. Mu kuma mace irin yayar Maman_Hafsat ba ta cikin masu takaba, ba ta cikin magada, ba ta da fansho. A ina aka ajiye ta?

Abban_Girinsboro: A Amurka kuma kusan akasin haka ne, ko da yake kowace jiha da dokarta. Galibi kuɗin da ake ba tsohuwar mata suna tsayawa in ɗayansu ya mutu, sai in an rubuta saɓanin haka a yarjejeniyar rabuwa. Abin da aka bi shi kafin ya mutu ana nemansa daga dukiyarsa, kamar dai yadda Malam ya ce. Shi ya sa alƙali kan sa mai biya ya yi inshorar rai da sunan matar. Sannan in auren ya kai shekara 10, tana iya samun wani abu daga asusun fansho na tarayya bayan mutuwarsa, daga shekara 60.

Ɗan_Mokoyo: Ku bar mu da Faransa da Amurka don Allah. Su ba su da tumuni, ba su da takaba. Mu a wajenmu uwa matalauciya ciyarwarta wajibi ce a kan ƴaƴanta masu hali. Nan aka ajiye ta, Zara. Kuma inshorar rai malamai da yawa ba su yarda da ita ba.

Zara_Liyon: Yaya Ɗan_Mokoyo, ƴaƴan nata ƙanana ne. Kafin su yi hali me za ta ci?

Hajiya_Uwargida: Kuma wa ya ce addini bai ba da hanya ba? Mazanmu ne ba sa bi. Ka ce wa Alhaji ya rubuta wasiyya, sai ya ce kana kira mishi mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam_Limanci: Hajiya ta taɓo wurin. Matar da aka saka ba magajiya ba ce, don haka wasiyya gare ta ta halatta har zuwa sulusin dukiya. Wadda ke ɗaki ita ce ba a yi wa wasiyya, tunda tana gado, sai dai a ba ta kyauta tun ana da lafiya ta kuma karɓa a hannunta. Kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya mutu ta ɓaci. Da yawa sukan ce "wannan fili naki ne" amma takarda tana cikin akwatinsu har ajali ya zo.

Tsohon_Girefiye: Tunda an ambaci fansho: matan ma'aikata, na gwamnati da ke CARENI da na kamfanoni da ke CNSS, akwai kason matar mamaci da na marayu. Amma za a tambaye ki takardar aure. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai meri ba, wato ofishin magajin gari, sai kin bi ta jastis kafin ki samu shaidarsa. Ku yi ta tun maigida yana da rai.

Maman_Hafsat: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na je Bagalam bayan la'asar, ɗan maƙwabcinsu, malamin lakkol, ya karanta mana takardar. Baba girefiye ka yi gaskiya. Jikka 30 ne a rubuce, kuma an ce na ciyar da yara 3 ne. Jikka 10 na sama shi ya ƙara da bakinshi, ya ce na cefanenta ne. Maganar gida kuma babu ita sam a takardar. Yayata ta ce a zauren wanmu ya faɗa, gaban mutum 2, cewa ta zauna a ciki iyakar rayuwarta, ba mai tashinta. Tun ranar take ciki, ita ke biyan wuta da ruwa.

Malam_Limanci: To yanzu magana ta fito. Jikka 30 sau 5, jikka 150 ke nan, wannan ku neme shi a matsayin bashi. Jikka 10 na cefane ku bar shi, ya tafi da mai shi. Batun gida kuwa kada ta fita tukuna. In lafazin da ya yi shi ne ta zauna iyakar rayuwarta, yana da lafiya, ta kuma shiga ta zauna tun yana raye, wannan a fiƙihu sunansa umra, wato ba da amfanin gida na tsawon rai, ba Umrar Makka ba. A Malikiyya mutuwar mai bayarwa ba ta rushe shi. Gidan na magada ne, amma zaman nata ne har ta koma ga Allah. In kuwa cewa ya yi ta zauna ta riƙe yara, to wannan mazaunin reno ne, hukuncinsa daban. Komai ya rataya a kan abin da shaidun nan za su faɗa. Ni ban ji da kunnena ba, kuma ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, don haka wannan ba hukunci ba ne.

Baffan_Yara: Ka ga irin ta ko. Da marigayin ya rubuta layi biyu da duk ba a zo nan ba. Yanzu matan da ke takaba za su ce an hana ƴaƴansu gida sukutum saboda maganar zaure. Su ma marayu gare su.

Bagobiri_Tibiri: Shaidun suna da rai?

Maman_Hafsat: Ɗaya wanmu ne, yana nan Sabon Gari, sai dai ina tsoron su ce ɗan'uwanta ne zai goya mata baya. Ɗayan abokin kasuwancin marigayin ne, an ce ya tafi wajen zinariya can arewacin Agadas tun bara, lambar da muke da ita ba ta shiga. Yayata kuma tana cewa ita ba za ta yi shari'a da dangin ƴaƴanta ba, gara ta dawo ɗakina mu matsu. Ni ce na hana ta ɗaure kaya.

Uwar_Marayu: Kada ki bari ta fita, ƙanwata. In ta fita da ƙafarta ba mai maida ta. Ki gaya mata ba don kanta take zaune ba, rabon yaranta yana cikin ginin nan.

Sani_Kabukabu: Akwai yaran unguwarmu da ke zuwa can wajen zinariya suna dawowa. Ki turo mini sunan mutumin da garinsu ta akwatin sirri, in sa a tambaya a tashar Agadas.

Tsohon_Girefiye: Ku yi hakan, amma kada ku jira shi. Yaushe aka sa ranar rabon?

Maman_Hafsat: Sun ce sai matan sun fita takaba. Saura wata 2 da ƴan kwanaki.